Faston da Ya Ƙi Yi wa Mutanensa Ƙarya, Ya Kuma Ƙi Yin Shiru

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Iyayenmu fastoci da iyayenmu mata, dattawan ekklesiya, zumuntar mata, matasa, da maƙwabtanmu Musulmi da muke zaman mutunci da su, ina gaishe ku baki ɗaya. Nasihar yau tana da ɗan tsawo, don Allah a samu wuri a zauna, a karanta a natse.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda da yawa daga cikinmu muka koma masu harshe biyu. Ran Lahadi bakinmu tsaf, ba abin da ke fita sai ambaton Allah. Daga Litinin zuwa Asabar kuwa, duk abin da ya faɗo cikin waya sai mu tura shi gaba ba tambaya, sannan a daidai inda ya kamata mu buɗe baki domin wanda ake zalunta, sai mu yi gum. Saboda haka nake so mu dubi rayuwar wani faston Baptis mai suna William Knibb, wanda ya yi kiwon ekklesiya a Falmouth, wani ƙaramin gari a bakin teku a arewacin tsibirin Jamaika, kewaye da gonakin rake. Mutumin nan yana da bagadi, yana kuma da jarida, kuma abin da ya faɗa a ɗaya shi ya rubuta a ɗayar. Ya sha wuya a kan haka, daga wajen maƙiyansa har daga wajen mutanensa.

An haife shi a 1803 a garin Kettering na ƙasar Ingila, ɗan wani tela. Bai yi dogon karatu ba. Tun yana yaro aka kai shi koyon aikin ɗab'i, ya bi maigidansa zuwa Bristol, can aka yi masa baftisma a 1822. A wancan zamani mai ɗab'i da hannu yake tsinto haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a juye, ya buga gwaji, ya karanta, ya gyara, sannan a buga na gaske. Kuskure guda in ya kuɓuce masa, to ya shiga takarda ɗari ko dubu, ba kuma mai iya bin gida-gida ya goge. Ni dai a ganina Allah ya fara horar da bawansa a nan, tun kafin ya san zai hau bagadi. Wanda ya yi shekaru yana ɗaukar kalma da yatsunsa harafi-harafi, ba zai raina nauyinta ba.

Wansa Thomas ne ya fara zuwa Jamaika a matsayin malamin makarantar mishan, bai daɗe ba zazzaɓi ya ɗauke shi. William ya ce shi zai maye gurbinsa. Ya isa Kingston a farkon 1825 tare da amaryarsa Mary, yana ɗan shekara 21. Ya tarar da tsibiri mai bayi kusan 300,000, 'yan Afirka da jikokinsu, waɗanda jirage suka kwashe daga gaɓar tekunmu ta yamma. Ya kuma tarar da ekklesiya a tsaye. Wannan ya kamata mu riƙe shi da kyau: ba Turawa ne suka kai Baptis Jamaika ba. Baƙaƙen fata ne daga Amurka, irin su George Liele wanda shi kansa a bauta aka haife shi, da Moses Baker, suka fara wa'azi tun shekarun 1780, su ne kuma daga baya suka nemi Baptis na Ingila su aiko da mataimaka. Waɗanda suka aiko Knibb sun ba shi umarni irin wanda suke ba kowane mishan ɗinsu: ka yi wa'azin bishara, kada ka tsoma baki cikin sha'anin mulki, kada ka taɓa maganar bauta a fili.

Ya yi ƙoƙarin bin umarnin, har ranar da abin ya taɓa ɗan garkensa. A 1830, yana garin Savanna-la-Mar, aka kama wani bawa mai suna Sam Swiney, dikin a majami'arsa. Laifinsa shi ne ya yi addu'a a taron addu'a. Aka ce ya yi wa'azi ba izini, alƙalai suka yanke masa bulala ashirin da aikin wahala cikin sarƙa. Knibb bai ce "sai haƙuri, Allah yana gani" ya koma gida ba. Ya tsaya kusa da mutumin a lokacin da ake masa wannan wulaƙanci, daga nan ya zauna ya rubuta abin da ya faru dalla-dalla, ya kai jarida aka buga. Aka yi masa barazanar kai shi kotu a kan ɓata suna, bai janye ba. Maganar ta haye teku ta isa ofishin sakataren mulkin mallaka a Landan, daga ƙarshe aka tuɓe alƙalai biyun da suka yanke hukuncin.

Me ya sa rubutun ya yi tasiri? Domin ba "an ce" ba ne. Akwai sunan wanda aka zalunta, akwai wuri, akwai adadin bulala, akwai sunayen waɗanda suka yanke hukunci, a ƙasa kuma akwai mutumin da ya ce ni na gani, ga ni nan, in ƙarya ce ku kama ni. Gani ya kori ji. Ku buɗe Luka 1:1-4 ku ga yadda marubucin bishara ya fara: ya ce ya bi diddigin kome a hankali tun daga farko, daga bakin waɗanda suka gani da idonsu, domin Tiyofalas ya san tabbacin abin da aka koya masa. In mai rubuta labarin Almasihu, wanda Ruhu Mai Tsarki ke bi da shi, bai ga kansa ya fi ƙarfin bincike ba, ni da kai su wane ne da za mu ce "haka na samu, haka na tura"?

Yanzu ga wurin da nake so mu daɗe.

A shekarar 1830 ɗin nan aka kira shi kiwon ekklesiyar Falmouth. Zuwa ƙarshen 1831 wata magana ta game gonakin yammacin tsibirin: wai Sarkin Ingila ya riga ya sa hannu a takardar 'yanci, iyayengiji ne suka ɓoye ta. Maganar ba ta rasa tushe ba. Ana ta muhawara a kan bauta a majalisar dokokin Birtaniya, masu gonaki kuma suna ta taruka suna kumfar baki a gaban bayin da ke yi musu hidima. Akwai wani bawa a Montego Bay mai suna Samuel Sharpe, dikin a majami'ar Baptis ta garin, mai ilimi, mai karanta jaridu, mai kaifin magana. Ya karanta cikin Littafi Mai Tsarki cewa ba mai iya bauta wa iyayengiji biyu. Ya shirya da mutane cewa bayan hutun Kirsimeti kowa ya zauna, kada a koma yankan rake sai an yarda za a biya lada. Yajin aiki ya nufa.

Ran 27 ga Disamba 1831 aka taru buɗe sabuwar majami'a a wani wuri da ake kira Salter's Hill. Knibb ya riga ya ji abin da ake raɗe-raɗinsa. Ya miƙe gaban jama'ar da ke ƙaunarsa, waɗanda zukatansu suka cika da begen cewa 'yanci ya iso, ya gaya musu a fili cewa ba wata takarda da ta zo. Ya ce yana ƙaunar rayukansu, ba zai yi musu ƙarya ba ko da za a ba shi duniya, abin da aka gaya musu ba gaskiya ba ne. Ya roƙe su kada su gaskata. Jama'a ba su ji daɗi ba ko kaɗan, aka watse ana gunaguni. A daren nan wuta ta tashi a gonar Kensington, daga nan ta bazu.

'Yan'uwa, ku sa kanku a matsayin faston nan na minti ɗaya. Mutanen da ke gabansa su ne masu gaskiya a babbar maganar. An sace kakanninsu, ana dukansu, ana sayar da 'ya'yansu. Jita-jitar tana goyon bayan waɗanda aka zalunta, tana kuma ƙarfafa musu gwiwa. Da ya yi shiru ya bar ta ta wuce, ba wanda zai zarge shi a majami'a. Amma ya san ƙarya ce, ya kuma san mutum zai iya fita ya tari bindiga yana dogara da takardar da babu ita. Sai ya zaɓi ɓacin ransu a kan jininsu.

A nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Ƙaryata labarin da abokin hamayya ya ƙirƙira ba wuya, kowa zai tafa maka. Jarrabawar ita ce labarin da ya fito daga ɓangarenmu, wanda ya dace da ciwon da ke zuciyarmu. Hoton gawarwaki ya shigo zauren WhatsApp na majami'a, an rubuta a ƙasa wai jiya ne a ƙauye kaza, alhali hoton tsoho ne, wataƙila ma daga wata ƙasa. Saƙon murya ya shigo, ba suna, ba wuri, wai an ga motoci cike da makamai sun nufo gari. Kai ka san akwai shakka, amma ka ce a ranka, ai ko wannan ba gaskiya ba ne, irinsa yana faruwa. Gaskiya ne irinsa yana faruwa, mun binne mutanenmu, ba wanda zai koya mana zafin wannan. Amma Fitowa 23:1 ba ta ce kada ka baza labarin ƙarya sai in yana taimakon jama'arka ba. Ta hana ne gaba ɗaya. A sura guda ɗin nan kuma aka ce kada ka bi rinjayen taro zuwa mugunta, aka ce kada ka karkatar da shari'a ko don ka tausaya wa matalauci. Allah ya san zuciyarmu, ya san cewa tausayi ma yana iya sa mutum ya yi shaidar zur.

Magana zarar bunu ce. Wanda ya tura saƙon yana kwance a ɗakinsa a birni, wanda zai biya kuɗin saƙon wani matafiyi ne da aka tare a hanya, ko mai shago da bai san hawa ba bai san sauka ba, ko yaronmu da ya fita da gora cikin fushi bai dawo ba. Sannan duk ƙaryar da muka tura tana rage darajar gaskiyarmu. Ranar da abin ya faru da gaske muka yi kuka, sai a ce ai su ne masu tura hotunan bogi. Baba Fasto, Mama, shugaban matasa, duk wanda aka ba riƙon zauren majami'a: in ka ga irin wannan, rubuta a fili cewa ba a tabbatar ba, ka nemi wanda ya turo ya faɗi inda ya samo. Za a ce ka cika sanyi, wani ma zai ce an saye ka. Ka jure.

Abin da ya biyo baya a Jamaika ya yi muni. Dubban bayi suka shiga tawayen. Turawa 14 suka mutu. Sojoji da dakarun masu gonaki suka kashe bayi kusan 200 a fagen fama, sannan kotunan gaggawa suka yanke wa fiye da 300 hukuncin kisa, waɗansu a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Knibb ɗin da ya roƙi mutane su koma aiki, shi aka kama tare da abokan aikinsa aka kai Montego Bay, aka ce su suka zuga bayi. Jaridun masu gonaki, musamman wadda ake kira Jamaica Courant, suka riƙa kiran a rataye masu wa'azi. Ga aikin alƙalami a hannun marar tsoron Allah. Aka kafa wata ƙungiya mai suna Colonial Church Union, har da limamin coci cikin jagororinta, suka bi majami'un Baptis da na Metodis suna rushewa, ta Falmouth ma ba ta tsira ba. Masu zuwa sujada ne suka rushe ɗakunan sujada, domin riba ta fi musu Almasihu. An rasa shaidar da za ta kama Knibb, aka janye ƙarar. Shi kuwa Samuel Sharpe an rataye shi a Montego Bay ran 23 ga Mayu 1832. Kafin nan ya gaya wa wani mai wa'azin Metodis da ya ziyarce shi a kurkuku cewa gara ya mutu a kan gungumen can da ya rayu cikin bauta.

Ba zan yabi Knibb in manta da Sharpe ba, kuma kada ku yi. 'Yancin da ya zo daga baya, da jinin waɗannan ɗaruruwan aka saye shi kafin jawabin kowa. Zan kuma faɗi abin da nake gani game da Knibb kansa: abin da ya faɗa a Salter's Hill gaskiya ne, amma rabin gaskiya ne. Ya gaya wa bayi cewa takarda ba ta zo ba. Bai riga ya tsaya gaban duniya ya ce bautar kanta zunubi ce da dole a kawar ba. Shekara bakwai yana ganin abin da idonsa, yana ƙinsa a zuciya, yana rubuta ƙinsa a wasiƙun gida, amma umarnin shugabanni ya ɗaure masa baki. Fasto da ke gaya wa talaka "yi haƙuri, koma aiki" kullum, bai taɓa gaya wa mai ƙarfi "ji tsoron Allah, saki wuyan mutane" ba, bai gama aikinsa ba. Irmiya 6:14 ta yi kuka da masu warkar da raunin jama'a sama-sama, suna cewa salama, salama, alhali ba salama.

Abin da ya ɗaga darajar mutumin nan a idona shi ne ya cika ɗaya rabin. 'Yan'uwansa suka aike shi Ingila a 1832 ya ba da bayani. A watan Yuni, a babban taron shekara na ƙungiyar mishan ɗin Baptis a Landan, ya miƙe ya fara zayyana abin da ake yi wa bayi. Sakataren ƙungiyar, wanda ke tsoron kada a rufe musu ƙofar aiki a tsibirin, ya ja gefen rigarsa alamar ya dakata. Knibb ya ce zai yi magana ko me zai biyo baya, ko da zai rasa matsayinsa a ƙungiyar, in kuma masoyan mishan ba za su saurara ba, zai juya ya gaya wa Allahnsa. Daga nan ya zaga biranen Ingila da Sikotilan yana jawabi, ya kuma ba da shaida gaban kwamitocin majalisun dokoki biyu, aka yi masa tambayoyin ƙure, ya amsa da abin da ya gani. Karin Magana 31:8-9 ta ce ka buɗe bakinka domin wanda ba shi da bakin magana, ka tsaya wa matalauci da mabukaci. Allahn da ya ce kada ka baza ƙarya, shi ne ya ce buɗe bakinka. Ba a ba mu zaɓin ɗaukar ɗaya mu bar ɗaya ba. Wanda ya ce "ni ba na tura kome, ba ruwana da kome" bai kuɓuta ba, ya karanta Ezekiyel 33:6 ya ga hukuncin mai tsaron da ya hango takobi bai busa ƙaho ba.

A 1833 majalisar dokokin Birtaniya ta zartar da dokar soke bauta. Aka ware fam miliyan 20 na diyya, ba ga bayi ba, ga waɗanda suka mallake su. Su kuwa bayin aka ce daga 1 ga Agusta 1834 sun zama masu koyon aiki, za su ci gaba da yi wa iyayengijinsu aiki kyauta fiye da awa 40 a mako. Knibb ya koma Falmouth a 1834, aka sake gina majami'a, ya ci gaba da tona asirin wannan sabon salon bauta har aka soke shi. Daren 31 ga Yuli 1838 majami'arsa ta cika maƙil. Da agogo ya buga sha biyu ya ɗaga murya ya ce dodon ya mutu, baƙin mutum ya 'yantu. Da gari ya waye suka sa sarƙa da bulala da ƙarfen wuya cikin akwatin gawa suka binne, an rubuta a kai cewa bautar mulkin mallaka ta mutu tana da shekara 276.

Da wani ne, da nan zai ce aiki ya ƙare, ya koma wa'azinsa kawai. Amma washegarin 'yanci sai ga tambayoyin da ba a rera su a waƙa: nawa za a biya mai yankan rake a rana? Bukkar da mutum ya gina da hannunsa a gonar maigida, da 'yar gonar doyar da yake ci daga gare ta, na wane ne yanzu? Masu gonaki suka ƙaƙaba kuɗin haya mai nauyi, a wasu wuraren ma a kan kowane mai rai a gidan, wanda ya ƙi aiki a farashinsu a kore shi. Knibb ya shiga tsakani wajen daidaita lada. Ya nemo kuɗi ya sayi filaye, ya yanka su ƙanana ya sayar wa 'yantattu, ƙauyuka irin su Kettering da Granville suka tashi, kowanne da majami'a da makaranta. Wani faston Baptis, James Phillippo, shi ya fara irin wannan a Sligoville tun 1835.

A cikin wannan fama ne, a 1839, yaron maɗaba'ar Bristol ya koma sana'arsa ta fari. Ya kafa jaridar mako-mako a Falmouth mai suna Baptist Herald and Friend of Africa. Yawancin jaridun tsibirin na masu gonaki ne, su ke ba da labarin ma'aikata yadda suka ga dama, su ce malalata ne, su ce 'yanci ya lalata su, wannan labarin ne kuma ke isa Landan. Yanzu sai ga takarda da ke kallon al'amura daga ƙofar bukkar ma'aikaci: rigimar lada da haya, dokokin da majalisar tsibirin ke yi, harajin da ke faɗawa kan abincin talaka, haƙƙin mai ɗan fili ya yi rajista ya jefa ƙuri'a, tare da labaran ekklesiyoyi da na Afirka. Waɗansu za su ce wannan ai siyasa ce, ina ruwan fasto? Ni kuwa na ce ku karanta Yakubu 5:4, inda aka ce ladan ma'aikatan da suka girbe gonakinku, wanda kuka danne, yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. In kukan lada yana isa kunnen Allah, bai kamata ya gagari kunnen fasto ba. Bai tsaya takara ba, bai sayar da bagadinsa ga wani mai neman kujera ba. Abin da tumakinsa ke kwana da shi a rai, shi ya zama abin da yake rubutawa.

Akwai wani hali nasa da nake so matasanmu masu rubutu su ɗauka. A 1840, da za a yi babban taron duniya na yaƙi da bauta a Landan, bai tafi shi kaɗai ya yi magana a madadin 'yantattu ba. Tare da shi akwai Edward Barrett da Henry Beckford, mutanen da suka ɗanɗani bauta a jikinsu, suka tsaya gaban Turawa suka faɗi nasu da bakinsu. A wannan tafiyar ce kuma ya matsa wa ƙungiyar mishan lamba ta amsa roƙon ekklesiyoyin Jamaika na kai bishara ƙasar kakanninsu. Daga nan aka aika John Clarke da Dokta Prince zuwa tsibirin Fernando Po da ke kusa da gaɓar Kamaru, suka isa a 1841. Wani ɗan Jamaika, Joseph Merrick, ya sauka Bimbia a gaɓar Kamaru a 1844, ya koyi harshen Isubu, ya kafa injin ɗab'i, ya fassara sassan Littafi Mai Tsarki kafin ya rasu a 1849. 'Yan'uwanmu na Kamaru, tushen Baptis a gaɓar tekunku yana da hannun 'ya'yan bayin Jamaika a ciki.

Knibb bai yi tsawon rai ba. Ya binne 'ya'yansa da dama a ƙasar Jamaika, shi ma zazzaɓi ya kwantar da shi 'yan kwanaki, ya rasu ran 15 ga Nuwamba 1845 yana da shekara 42. Mutane kusan 8,000 suka zo jana'izarsa. A 1988 gwamnatin Jamaika ta ba shi lambar girma ta ƙasa. Masu son wasanni, makarantar sakandaren da Usain Bolt ya yi a yankin Trelawny sunan wannan faston take ɗauke da shi.

To, mu dawo gida. Muna da fastoci a ƙauyukanmu da suka san abin da babu ɗan jaridar da ya sani. Baba Fasto ne ya san gwauruwar da dangin miji suka ƙwace wa gona, ya san asibitin da ya shekara ba ma'aikaci, ya san ajin da rufinsa ya yaye tun damina biyu, ya san wanda ya biya kuɗin fansa ya sayar da shanun nomansa, ya san maƙwabcin da ba addininmu ɗaya ba amma ya ɓoye mutanenmu a ɗakinsa ranar tashin hankali. Shi ke binne matattu, saboda haka ya san adadinsu na gaskiya, ba ƙari ba ragi. Sai dai ba shi da injin ɗab'i, sau da yawa ma sai ya hau tudu kafin wayarsa ta kama, ga gona tana jiransa domin abin da ekklesiya ke ba shi ba ya kai wata. Mu da muka taso a hannunsa muka tafi birni, mu ke da ilimin, mu ke da intanet, mu ke da mabiya a Facebook. Abin kunya ne a ce mun fi saurin tura labarin da ba mu san mai shi ba, fiye da ɗaukar waya mu tambayi mutumin da ya yi mana baftisma me ke faruwa a garinmu.

Ga roƙona a wannan mako. Ka kira faston ƙauyenku. Ka gaishe shi, ka gai da Mama, ka tambayi lafiyarsu da ta yara da halin da gona ke ciki, in da hali ka aika musu da wani abu. Sannan ka tambaye shi abu guda da ke damun jama'a wanda ya kamata a ji. Kada ka rubuta nan take. Ka nemi mutum na biyu da na uku da suka gani, yadda Maimaitawar Shari'a 19:15 ta tsara, in akwai wanda ake zargi ka nemi jin nasa ɓangaren. Ka nemi izinin mai abin kafin ka sa sunansa ko hotonsa, duk abin da zai jefa wani cikin haɗari ka cire shi. Ka rubuta wuri da rana, ka bar zagi, ka bar la'antar kabila ko addini gaba ɗaya saboda laifin mutum biyar. In alherin wani ne ka ji, ko ba namu ba ne, shi ma ka rubuta. Ka sa cikakken sunanka a ƙasa, ka kuma kai takardar ofishin kansila ko na shugaban ƙaramar hukuma da ƙafarka, kada ta tsaya a waya kaɗai. In bayan mako biyu ba amsa, ka sake komawa, wannan karon tare da dattawa biyu daga ƙauyen.